Farar Riga a Gidan Kaso

Unguwar Zariya, Maraɗi

Zuwa ga ɗana Sha'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar hanya. Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka daga sharrin garin da ka shiga da sharrin abin da ke cikinsa, ya haɗa ka da mutanen kirki. Na sa takardar nan a ƙasan jakarka don kada ka gan ta sai ka isa. Labarin gida mahaifiyarka za ta ba ka a waya, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Ranar da ka kawo mini takardar da aka tura ka aikin likita a gidan kaso, ka ga na karanta ta sau biyu na mayar maka ban ce komai ba. Ka ɗauka ina jin haushi ne don ba a ba ka babban asibiti ba. Ba haka ba ne. Tambayar kaina nake yi, me ya sa wurin da tsofaffin likitoci ke gudu aka miƙa wa wanda bai shekara da karɓar diplom, takardar gama karatu, ba? Wa ya bar kujerar, me ya tashe shi? In ka kama aiki ka tambaya. In aka ce maka canji ya nema saboda iyalinsa, ka yi godiya, sannan ka tambayi wani dabam a wata rana dabam.

Ka san na yi shekaru ina aiki a ɗakin shan magani na wani gidan kaso, ba sai na kama sunan gari ba. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda na yi aikin. Tun kana ƙarami kake jin mutane suna ce mini Dokta, a masallaci, a kasuwa, har a Tsibiri in mun je gaida kakarka. Ni ba dokta ba ne, ban taɓa zama ba. Ƙaramin karatun infirmiye na yi, wanda ake koya wa mutum allura da wanke ciwo da auna zafin jiki, lokacin ina taka keke daga Tsibiri zuwa Maraɗi kullum da safe. Ranar da na fara aiki a kason, wani gardi, cikin masu tsaron fursunoni, ya buɗe mini ƙofa ya ce, "Sannu da zuwa, Dokta." Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ji sunan ya yi mini daɗi, na rufe. Daga ranar ya bi ni. Fursunoni suka ɗauka, rejisa, wato shugaban gidan, ya ɗauka, ni ma na fara juyowa in an kira.

Na ɗauka abin bai cuci kowa ba. Ya cuta. A takarda akwai likita na gaske da aka ce zai riƙa zuwa mana daga asibitin gari sau ɗaya a mako. Yakan zo, ya tsaya bakin ƙofa injin motarsa na aiki, in kai masa rajista ya sa hannu a shafi bakwai a jere, ya tafi. Da na taɓa ce masa akwai marasa lafiya a ciki, sai ya yi dariya ya ce, "Ba ga ka nan ba, Dokta?" Duk wanda ya buɗe rajistarmu daga sama zai ga gidan yana da likita. Duk wanda ya tambayi mutanen gidan za a nuna masa ni. Da haka babu wanda ya ga dalilin turo mana kowa.

Saboda haka abin da za ka fara yi shi ne sanin kowa da matsayinsa na gaskiya. Duk wanda ka tarar sanye da farar riga, ka zaunar da shi ka tambaye shi inda ya yi karatu, shekara nawa, me aka koya masa, me ba a koya masa ba. Kada ka yi don wulaƙanci. Za ka tarar da irina, waɗanda suka riƙe wurin da hannu biyu lokacin da ba kowa, kuma sun san abubuwa da yawa. Ka girmama su, amma ka kira kowa da sunan aikinsa, tun ranar farko, gaban mutane. In ka bari aka kwana uku, kunya ba za ta bar ka ka gyara ba.

Yanzu bari in gaya maka labarin Tanimu.

Tanimu mutumin Jiratawa ne, manomin lambu, mai tumatir da zogale a bakin hanyar ruwa. Rigima ta haɗa shi da maƙwabcinsa a kan ranar ban ruwa, ya buga masa ƙotar fartanya a kafaɗa, aka yanke masa wata takwas. Dattijo ne mai kimanin hamsin da ɗoriya, mai yawan shiru. Tsarinmu a lokacin, kowace safiya shugaban gardi, wani da muke kira Sef Garba, shi ke shiga ciki ya rubuto sunayen waɗanda za su ga likita ya kawo mini. Ni ina zaune a ɗakina ina jira. Ban taɓa tambayar kaina yadda yake zaɓa ba. Sai daga baya na ji Tanimu ya yi mako uku yana ɗaga hannu, Sef Garba yana ce masa, "Kai mai ƙoshin lafiya ne, inuwar ɗakin Dokta kake so." Ranar da aka kawo shi, mutum biyu ne suka riƙo shi. Akwai gyambo a ɗan yatsan ƙafarsa na dama da ya fara baƙi.

Ban ce Sef Garba mugu ba ne. Ya ga masu ƙarya da yawa, har ya daina ganin masu gaskiya. Amma shi ba a koya masa gane ciwo ba, ni kuma na sakar masa aikin da yake nawa don ba na son warin ciki da cunkoso. Kai ka shiga da ƙafarka. Ka zaga ɗakuna, ka dubi waɗanda ke kwance bayan wasu, waɗanda ba su da ƙarfin ɗaga hannu. In aka ce maka doka ta hana, ka ce a nuna maka inda aka rubuta. In aka kawo maka jerin sunaye, ka karɓa, amma ka sa a ranka cewa wanda ya fi bukatarka wataƙila ba ya ciki.

A daidai lokacin nan ne muka sami baƙo. Wani Alhaji daga cikin manyan ƴan kasuwar gari, wanda ƙanensa ya taɓa zama a kason ya fita da tari, ya ce zai ɗauki nauyin likita ya riƙa zuwa mana sau uku a mako, sadaka. Niyyarsa mai kyau ce, shi ma ruɗarsa aka yi. Mutumin da aka kawo ya ce sunansa Dokta Mansur. Dogo ne, mai tsabta, da tabarau da jakar fata, farar rigarsa ta sha guga. Ya ce a ƙetaren iyaka ya yi karatu. Rejisa ya yi murna, don yanzu in manya sun zo yana da abin nunawa. Ya miƙo mini takardar mutumin ya ce in saka a fayil.

Na dube ta, Sha'aibu. Hoton takarda ne, ba ainihinta ba, kuma wurin sunan ya fi sauran rubutun duhu, kamar an ɗora shi daga baya. Na gani. Na saka ta a fayil na rufe durowa.

Cikin mako biyu na ga sauran. Ba ya taɓa cikin mara lafiya. In ya ɗora abin sauraron ƙirji, yakan ɗora a kan riga ya cire kafin mutum ya ja numfashi biyu. Kowane ciwo maganinsa allura ko ƙarin ruwa, don ya san fursunoni sun fi yarda da su. Ba ya rubuta magani da hannunsa, sai ya ce, "Rubuta, ni rubutuna ba ya karantuwa." Wata rana muna mu biyu na ce masa, cikin wasa-wasa, "Dokta, a wace makaranta ce ma ka ce ka yi?"

Ya cire tabarau ya goge a hankali, ya dube ni yana murmushi.

"Kai fa, Dokta Isufu? A wacce ka yi?"

Na mayar da idona kan rajista.

Ya ce, "To ka gani. Ni da kai aikin Allah muke yi a nan. Mu bar takardu su huta."

Ya riga ya bincika ni kafin in bincika shi. Da a ce ni Isufu infirmiye ne a bakin kowa, da na tafi wurin rejisa ranar na faɗi abin da na gani, ba abin da zan rasa. Amma in na tona shi, tambaya ta gaba a kaina za ta faɗo, kuma mahaifiyata tana can Tsibiri tana gaya wa mata ɗanta dokta ne. Na yi shiru.

Ka nemi ainihin takarda, ba hotonta ba. Ka nemi lambar da aka yi wa mutum rajista da ita a matsayin likita, ka ɗauki waya ka tambaya da kanka, kada ka aiki kowa. Ko wa ya kawo shi, Alhaji ne, ƙungiyar agaji ce, ko babba ne daga sama, ka tambaya. Wanda ya yi karatun ba ya jin haushin tambayar, ya ma fi son a yi. Wanda ya fara ba ka labarin manyan da ya sani, ko ya yi maka kyauta a makon farko, ko ya yaba maka fiye da kima, ka ƙara sa masa ido. Kuma ka tsare kanka daga ƙaramin abin da za a riƙe ka da shi, domin a irin wannan gida kowa na tara abin da ya sani game da kowa.

Na koma kan Tanimu. Na kwantar da shi a gadon ɗakin shan magani ina wanke masa ƙafa. Na lura ba ya rabuwa da butar ruwa, yana sha yana fitsari, yana ramewa. Wata safiya na ga tururuwa sun yi layi zuwa bokitin da yake fitsari a ciki. Ko ƙaramin karatuna ya isa in san wannan ciwon sukari ne. Ba mu da abin aunawa, amma na sani.

Da Mansur ya zo, ya dube shi daga tsaye ya ce, "Yunwa ce da rashin ƙarfi. A sa masa ruwa mai sukari, leda biyu."

Na ce, "Dokta, ina ganin kamar sukari ne da shi. Akwai tururuwa a bokitinsa."

Rejisa yana tsaye a bakin ƙofa ranar, da Sef Garba. Mansur ya juya wajensu ya ce, "Kun ji? Yanzu tururuwa ke duba marasa lafiya a gidan nan." Suka yi dariya. Sannan ya dube ni, irin kallon ranar da ya goge tabarau, ya ce, "Sa masa."

Ni na nemi jijiyar. Ni na soka allurar, na rataya ledar a ƙusa. Tanimu ya dubi ruwan yana ɗiga ya ce mini, "Allah shi saka maka, Dokta. Tun da na shigo gidan ga ba wanda ya kula da ni sai kai."

Kafin la'asar ya daina gane mutane. Numfashinsa ya yi zurfi, bakinsa ya bushe. Na tafi wurin rejisa na ce a fitar da shi asibiti. Ya ce doka ita ce sai likita ya sa hannu kafin a ba da gardi da mota, kuma yanzu muna da likita, a nemo shi. Na hau kabu-kabu na same shi a wani shagon magani inda yake zama. Ya ƙi sa hannu. Ya ce a bari ruwan ya gama aiki, gobe zai duba. A lokacin na gane dalilinsa. In aka kai Tanimu asibiti, likitocin can za su tambayi wa ya sa wa mai sukari wannan ruwa, su nemi ganinsa. Na koma na ce wa rejisa ni zan sa hannu. Ya ce, "Da can da ba kowa, na karɓi naka. Yanzu in wani abu ya faru a hanya, me zan ce?" Na cire ledar ta biyu da ta kusa ƙarewa, na zauna kusa da Tanimu. Da safe ya cika.

A rajista na rubuta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Mansur ya sa hannu a ƙasa. Matar Tanimu, Habsu, ta zo daga Jiratawa da ƙanen mijinta karɓar gawa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce mijinta ya aiko mata cewa akwai wani dokta mai tausayi da ke wanke masa ƙafa. Ta tambaye ni ko ya sha wuya. Na ce a'a, zazzaɓi ne ya zo da ƙarfi, mun yi iyakar ƙoƙarinmu. Bayan kwana bakwai ta aiko mini da kwandon tumatir. Kun ci miyarsa a gidan nan.

Kai yanzu hannunka shi ne wanda ake nema kafin a buɗe ƙofa. Za a zo maka da dalilai, ba mota, ba gardi, mutumin mai haɗari ne, a bari sai gobe. Ka sa hannu, ka rubuta lokaci, ka ajiye kwafi a wurinka ba a ofis ba. In sun ƙi fitar da shi, ya zama su suka ƙi, a rubuce. Kada ka sa hannu a kan mutuwar da ba ka ga gawar ba. Kada ka sa hannu a shafin ranar da ba ka zo ba, ko shafi ɗaya ne, ko rejisa ya ce al'adar gidan ce. Kuma in ƙaramin ma'aikaci ya ce maka, "Ina ganin kamar," ka tsaya ka saurare shi har ƙarshe. Shi ke wuni da mara lafiya.

Mansur ya ƙara wata huɗu tare da mu. Abin da ya kawo ƙarshensa bai ɗauki lokacin shan shayi ba. An turo wata likita mace, yarinya ce kamar sa'arka, ta zo binciken masu tari. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi makarantarsa, ta tambayi wanda ya koyar da su tiyata, ta nemi lambar rajistarsa. Ya ce ya bar ta a gida, bari ya ɗauko. Ya fita ya bar jakar fatarsa a kan tebur, bai dawo ba. Daga baya muka ji sharar ɗakin marasa lafiya ya taɓa yi a wani asibiti can ƙetare, sannan ya koma tallar magani. Alhajin ya ji kunya ya janye. Rejisa ya ciro takardar daga fayil ya yaga, ya ce mu manta, in maganar ta fita duk mu ne a ciki.

Likitar ta zauna ta karanta rajistarmu shafi-shafi. Ta tsaya a shafin Tanimu, ta ga ruwan da aka sa masa, ta ga abin da na rubuta. Ta ce, "Malam Isufu, wannan da gaske zazzaɓi ne?" Ita kaɗai ce a gidan ta kira ni da sunana ba tare da Dokta ba. Ƙofar faɗin gaskiya ta buɗe mini, na gani sarai. Na ce zazzaɓi ne. Ta dube ni jim, ta juya shafi.

Na ajiye aiki, na aurar da yayyenka, na biya maka karatu, na je Makka. Duk cikin shekarun nan in zan bi hanyar Jiratawa sai in sami dalilin fasawa. Sai da takardarka ta zo. Kwana uku bayan nan na hau mota na tafi. Na tambayi gidan marigayi Tanimu, aka nuna mini. Habsu ta tsufa, idonta ɗaya ya yi fari, tana zaune a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ta gane muryata. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, tana ta "Maraba da Dokta."

Na ce, "Habsu, ni ba dokta ba ne." Na gaya mata komai kamar yadda na rubuta maka, da tururuwa, da leda biyu, da hannun da ya rataya su. Ba ta daina tsinkar zogalen ba har na gama. Sannan ta ce, "Saura wata biyu ya fito."

Na ce na sani. Na ce na zo neman gafara ne.

Ta ce, "Mi ya kawo ka yanzu, bayan shekarun ga duka?"

Na ce ɗana ya zama likita, an tura shi gidan kaso.

"Na gaske?"

"Na gaske."

"Ya san abin ga da ka gaya mini?"

Na ce bai sani ba.

Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ni tsohuwa ce, gaya mini ba wuya. Ka gaya ma wanda kake jin kunya. In ya ji, ka komo mu yi magana."

To ka ji, Sha'aibu. Ban san da wane ido za ka dube ni ba bayan wannan, kuma ba zan roƙe ka ka sassauta ba. Mahaifiyarka ma ba ta sani ba, ita ce ta gaba. In ka gama karantawa ka kira ni, ko ba za ka iya cewa komai ba ka ce mini "Na karanta," ka kashe. Ina son in koma Jiratawa ranar Juma'a, kuma ba zan je mata da wata ƙaryar ba.

Allah ya tsare ka a shigarka da fitarka. Ya tsare hannunka daga cutar da wanda ba ya iya gudu. Ya ba ka idon gane mutane, ya raba ka da tsoronsu. Ya jiƙan Tanimu, ya haskaka kabarinsa. Ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isufu infirmiye